Jan Ɗakin Kaka

Har yau in na ji warin kananzir a jikin buroshi, sai in ji ni kamar wanda aka aiko wa sammaci. Kar ka ɗauka wani malami ne ke ba ka labari. Aji uku na yi a firamare, na ukun ma rabinsa a bayan taga na yi shi. Amma akwai sana'ar da na ƙware a kai tun ban iya kai azumi magariba ba, ita ce kai rahoto.

Gidanmu a Soron Ɗinki yake, kuma Kaka, mahaifiyar Babanmu, ita ke juya shi. Shekarar da Baba ya sa aka shafe mata ɗaki da siminti aka bi da farar ƙasa, ta dubi bangon ta ce ita ba a asibiti aka kwantar da ita ba. Ja take so, irin jar ƙasar da ake shafe ɗakin uwarta da ita. Baba ya sayo galan biyu na jan fenti, aka ba Baffa aikin. Baffa shi ne autan Kaka, ya koyi fenti wajen magina a Sabon Gari. Sai dai yana da tsohon tabo. Da samartaka ya taɓa ɗauke mata tasa ya sayar. Ya tuba, ya yi gemu, ya yi 'ya'ya, amma ko allura ta ɓata a gidan, ƙofarsa Kaka ke fara kallo.

Da safiyar da zai fara aiki ta yafito ni.

"Zo nan, mijina marar amfani. Yau ka samu aiki. Ka sa masa ido."

Ladana ƙanzon tuwo ne da ƙuli-ƙuli. Na karɓi muƙami.

Abin da na gani ya ɗaure min kai. Baffa ya shige da galan biyun ɗakinsa ya kulle, ya fito da wani tsohon bokiti, ya hau shafa wa bangon fenti ruwan toka. Na ruga na faɗa wa Kaka. Da na ga idonta ya ƙanƙance, sai na ji rahoton ya yi min kaɗan, na ƙara masa gishiri. Na ce na ga wani mutum ya fita da kaya a buhu ta zaure. Mutumin kam da gaske na gan shi, mai gawayi ne, amma ban faɗi wannan ba.

Kaka ta tsaya a bakin ƙofa ta tambayi Baffa ina jan. Bai juyo ba. Ya ce ja fenti ne marar rufin asiri, in aka ɗora shi a kan farin bango sai ya fito dabbare-dabbare, nan jini nan ruwan hoda. Sai an shimfiɗa masa toka a ƙasa, ta bushe, sannan ya kwanta daidai.

"To buɗe ɗakinka in gani."

"Inna, in sai na buɗe za ki yarda da ni, bar shi a rufe."

Ta ce in Juma'a ta zo babu ja a bangonta, ya tattara iyalinsa ya bar mata gida.

Damina ce, irin wadda katangu ke gumi, tabarma ke warin laima. Tokar ta ƙi bushewa. Kullum Baffa zai shiga ya ɗora bayan hannunsa a bango, ya girgiza kai ya fito. Kullum Kaka na zaune a rumfa tana jan carbi, ido ɗaya a kansa. Matan gida suka fara ɗauke kwanukansu daga tsakar gida in zai wuce. Matarsa ta daina fitowa daka.

Ni kuwa ran Laraba na ɗare turmi na leƙa tagarsa. Ga galan biyun nan a ƙarƙashin gado, ko murfinsu ba a taɓa ba. Na sauko ina lissafi. In na faɗa, ƙarya ta bayyana, ƙanzo ya yanke. Na haɗiye maganar. Da yamma ma na ce wa Kaka ban ga komai ba, kuma na faɗe shi da irin muryar da ke nufin na ga da yawa.

Ran Alhamis hantsi ya fito da rana. Baffa ya kinkimo galan biyun ya ɓalle murfinsu, ya juye su a bokiti ɗaya ya gauraya, don kar bangon gabas ya fi na yamma duhu. Shafar farko ya yi ta siririya, har tokar na leƙowa. Kaka ta ce an tsinka da kananzir, an rage na sayarwa. Baffa ya ci gaba da shafa. Yana ɗaukar bango ɗaya daga sama har ƙasa ba tsayawa, ba ya komawa inda ya fara shan iska. Washegari bayan an sauko masallaci ya yi ta biyu. Asabar ya yi ta uku, a lokacin wa'adi ya riga ya wuce, ba wanda ya tuna masa.

Ɗakin ya fito ja sumul, kamar an shimfiɗa yadi ɗaya. Kaka ta zagaya tana neman tabo, har bayan ƙofa, ba ta samu ba. Ta sa aka dama masa fura da zuma. Ya sha, ya yi godiya, ya wanke buroshinsa. Bayan sati ɗaya ya kama haya a Yakasai ya kwashe iyalinsa. Ba a kore shi ba, ba a kuma iya tsayar da shi ba. Yana zuwa gaisuwa duk Juma'a, ya durƙusa daga bakin ƙofa, bai sake taka cikin ɗakin ba har ta rasu.

Ranar da ya tashi Kaka ta kira ni.

"Mai buhun nan, me ya ɗauka?"

"Gawayi."

Ba ta dake ni ba. Ta dai daina kirana miji.

Allah da ikonsa, fenti na ƙare ina yi, a wajen wani na koya, don kunya ba ta bar ni na roƙi Baffa ba. Yanzu abin ya sauƙaƙa, ga rola, ga fentin shimfiɗa a gwangwaninsa. Masu gida kuma ba sa buƙatar jika, waya suke ɗagawa su ɗauke ka hoto kana aiki. Kwanan baya wata Hajiya a Ƙofar Kabuga ta shigo ta tarar na shafa wa falonta toka, na ga idonta ya fara ƙanƙancewa. Kafin ta buɗe baki na jawo galan ɗin jan na ɓalle murfin na tura gabanta. Baffa ba zai taɓa yin haka ba. Amma shi mai gaskiya ne, yana da abin da zai yi fushi a kai. Ni na san irin mutanen da ke tsayawa a bakin ƙofa, don da ni aka fara.