Kawu Ɗalhatu da Falon Aro

Kawu Ɗalhatu yayan mahaifiyata ne. Gadi yake yi a wani gida a unguwar Al Gharrafa ta birnin Doha, gidan wani Balarabe ɗan kwangila, kuma ya haura shekara goma a bakin ƙofar nan. Ɗakinsa na jikin get, ɗan tsukuku, daga gado sai akwati sai na'urar sanyaya ɗaki mai ƙara kamar injin niƙa. A Funtua kuwa, inda matarsa Anti Maimunat take da 'ya'yansu, manaja ake ce masa. Ba wanda ya taɓa faɗin manajan mene ne, ba kuma wanda ya tambaya.

Abin ba da niyya ya fara ba. Duk lokacin zafi kafil ɗinsa, wato mai gidan da ya ɗauko shi aiki, yakan kwashe iyalinsa su tafi Turai, ya bar wa Kawu makullai don ya riƙa duba ɗakuna. Wata rana Kawu ya kira gida ta bidiyo daga babban falon baƙi, saboda a nan intanet ya fi ƙarfi. Anti Maimunat ta hango kujeru masu ruwan gwal da labule har ƙasa, sai ta juya wayar ta nuna wa maƙwabciyarta. Shi bai ce gidansa ne ba. Ita ma ba ta ce ba. Unguwa ce ta yanke hukunci, su biyun suka bar shi a haka.

Daga nan gidansu ya koma gidan da kowa ya san komai amma ba a faɗa. Babban ɗansu ya bar makaranta, ya daina ɗaukar wayar uban. In Kawu ya tambaye shi, sai Anti ta ce ya tafi masallaci. Da hantsi ma masallaci. Kawu ya ce, "Madalla, Allah ya yi masa albarka," su ci gaba da hirar farashin masara.

Ni bara na zo Doha, bayan na gama digiri a fannin wasan kwaikwayo. Bincikena na ƙarshe a kan tsofaffin wasannin dandamali na Amurka na yi shi, waɗanda za ka ga iyali guda a ɗaki guda, kowa ya gina wa kansa wata duniya ya shige don kada ya kalli wadda yake ciki. Kawu ne ya samo mini aikin tsaro a wani kanti a Al Mirqab, kuma bai taɓa barina na huta ba.

"Ka gama karanta ƙaryar Turawa kaf," yakan ce, "ga shi kai ma ƙofa kake buɗewa."

'Yarsa Mufeeda ma'aikaciyar jinya ce. Ita ce kaɗai a gidan ke kiran abu da sunansa. Ta samu wanda take so, wani malamin sakandare mai suna Sagiru, har mata sun fara zirga-zirga tsakanin gidajen biyu. Sagiru maraya ne, baffansa Alhaji Sabo ya riƙe shi, kuma sai abin da baffan ya ce. Sai aka yi dace Alhaji Sabo zai biyo ta Doha a hanyarsa ta dawowa daga sarin kaya. Ya aiko cewa ba zai wuce garin da uban yarinya yake ba tare da ya je ya gaishe shi a gidansa ba. Da wannan gaisuwar za a tsayar da magana.

Mufeeda ta kira ni.

"Yaya Abdul-Aziz, don Allah ka roƙe shi. Sagiru ya san gadi Baba yake yi, ni na gaya masa, bai dame shi ba. Baffan ne bai sani ba. A karɓe shi a ɗakin get, ko a masallaci. Kada a yi masa wasa."

Na kai wa Kawu saƙon.

"Uwarta ta riga ta nuna wa matan gidan su Sagiru hoton falon," ya ce. "In na shimfiɗa masa tabarma a ɗakin nan, ita na tona wa asiri. Wuni ɗaya ne, khalas, an gama. Kai ma yau digirinka zai yi rana."

Ranar da baƙon zai zo, kafil da iyalinsa suna Turai, muka sauke hotunan mai gidan daga bangon falon, muka kunna turaren wuta. Kawu ya saka babbar rigar da ya ajiye tun zuwansa, har ta yi ƙamshin akwati. Matsalar zama ce. Da ya hau kujerar kafil sai ya ɗosana a bakinta, hannu biyu a gwiwa.

"Kawu, jingina za ka yi."

"Na jingina mana."

"Bayanka bai taɓa kujerar ba."

"Kai, ƙyale ni. Kujerar ce ke tura ni."

Alhaji Sabo ya iso bayan la'asar. Dattijo ne gajere mai yawan dariya. Ya sha gahawa, ya ci dabino, ya yaba labule, ya ce zafin Doha ya sa ya yafe wa Funtua duk laifinta. Kawu ya saki jiki. Ya yi bayanin Mufeeda tun tana ƙarama, yadda take ɗaure wa kaji ƙafa da tsumma tana cewa allura ta yi musu. Wannan gaskiya ne, kuma muryarsa ta canza da yake faɗa. Alhaji Sabo ya gyara zama ya ce, "To Alhaji, abin da ya kawo ni..."

Sai mota ta danna ham a bakin get.

A aikinmu, in mota ta yi ham ta sake yi, mai gadi ya shiga uku. Ba tunani ake yi ba, ƙafa ce ke ji kafin kunne. Kawu ya miƙe a tsakiyar maganar baƙonsa, ya tattare babbar riga, ya fita a guje. Tagar falon na kallon get. Muna gani ya zare sakata, ya ja ƙofa, ya koma gefe ya tsaya, hannu a ƙirji, kai a sunkuye.

Motar masu kawo ruwan sha ce. Direban ɗan Gusau ne, abokin tsokanarsa. Ya leƙo ta taga yana washe baki.

"Ɗalhatu mai gadi! Yau kai ne ango? Kafil ya yi tafiya ka zama Alhaji! Yalla, maza buɗe ɗaya ɓangaren, ka zo ka kama mini robobin nan."

Kawu ya buɗe. Ya kuma kama robobin, da rigar da komai, har ya kai su bayan kicin.

Alhaji Sabo bai kalle ni ba. Ya ajiye kofinsa a hankali. Da Kawu ya dawo, gaban rigarsa a jiƙe, dattijon ya miƙe ya ba shi hannu, ya ce jirgi ba ya jira, Allah ya saka da alheri, za a ji daga gare su. Kawu ya raka shi, ya buɗe masa get ɗin da kansa.

An ji daga gare su. Baffan ya ce shi ba 'yar mai gadi ya ƙi ba, shi ma dako ya yi a kasuwa kafin ya samu rumfa. Gidan da za a zaunar da shi a kujerar wani a yi masa wasa ne ba zai kai ɗansa ba. Sagiru ya roƙa, aka ce masa ya zaɓa. Bai iya tsallake mutumin da ya raine shi ba.

Ina zaune a ɗakin get Kawu ya kira Funtua, ya buɗe muryar wayar ina ji.

"Na duba mutumin nan da kyau," ya ce. "Ba su yi mini ba. Ni na ce a bar maganar."

"Dama ni ma hankalina bai kwanta da su ba, Alhaji," in ji Anti Maimunat. "Yarinyar nan gidan manya ya dace da ita."

Suka yi sallama cikin raha. Kawu ya ɗora shayi, ya tambaye ni ko in sa madara. Na ce e. Na sha, ban ji ɗanɗanonsa ba.

Tun ranar nake kasa tsayawa wuri ɗaya a wajen aiki. In mota ta yi ham a titi sai in zabura in nufi ƙofa. Kawu kuwa yana nan a bakin ƙofarsa, yana gaisawa da direbobi, yana shayar da shukokin mai gida. Bai sake ambatar sunan Sagiru ba.

Jiya Mufeeda ta kira ni daga asibiti, a lokacin hutun cin abinci. Ta ce an mayar wa su Sagiru kayan da suka kawo, ita ta haɗa su a jaka da hannunta. Ba ta yi kuka ba. Ina jin ƙarar keken marasa lafiya na wucewa ta bayanta.

"Baba ya ce wani abu a kaina?"

"Ya ce a gaishe ki."

"To," ta ce. "Ina amsawa."