Naɗin Hagu na Nurys

Duk matar da ta fito daga shagon Nurys, ko ƙeyarta ka hango a titin garinmu Nagua ka san inda aka yi mata kai. Nurys bahaguwa ce. Idan an gama busar da gashi aka zo naɗe shi a kewaye da kai, abin da muke kira tubi, kowa ta dama yake zagayawa, ita kuwa ta hagu take bi, kuma fil ɗinta na riƙe gashi biyu-biyu take sakawa, ɗaya a gicciye kan ɗaya. Masu sauran shaguna sun yi mata dariya har sun gaji, don nata ne ba ya warwarewa. Mace za ta kwana da shi, ta hau acaɓa, ta shiga kasuwar kifi, ranar Lahadi ta zare fil ɗin a ƙofar coci, gashi ya zubo mata a kafaɗa kamar yanzu ta tashi daga kujera.

Ni ce Dilenia. Tun muna da ƙuruciyarmu nake tsaye kusa da ita a shagon nan. Ni ke wanke kai, ni ke shafa man miƙar da gashi, ita ke saka rola, wato abin naɗa gashi, da jan buroshi. Ni na riƙe 'yarta Yudelka ranar da aka yi mata baftisma, shi ya sa muke kiran juna komadre, ko da faɗa muke yi. Kuma muna yi, don ni ba ni da haƙuri, ita kuma ba ta da saurin magana, sai ka yi ta zuba ita tana kallonka ta madubi.

A tsakar gidan uwarta ta koyi aikin, da gwangwanayen tumatir da aka fasa gindinsu a madadin rola, 'yan matan layi suna zaune a rana har kai ya bushe. Daga baya ta yi aure, mijin ya tafi New York da alkawarin zai aiko a ɗauke su, ya yi waya na ɗan lokaci, sannan ya daina. Ba ta yi kuka a gabanmu ba. Ta sayar da sarƙar aurenta ta sayo injin busar da kai na farko, irin mai kama da ƙatuwar tukunya a kife, mu ma tukunya muke ce masa. Yanzu guda uku ne jere a jikin bango. Yatsunta duk tabon ƙuna ne, za ta iya ɗaukar kofin gahawa mai tafasa ba ta ji ba.

Amma ita kanta ba ta taɓa zama a ƙarƙashin tukunya. Nata gashin a ɗaure yake cikin ɗankwali, sai bikin Kirsimeti take barina in taɓa shi, shi ma da dirayar hannu.

“Komadre, mai sayar da abinci da ba ta cin girkinta,” nakan ce mata.

“Wadda ke cikin tukunya ba ta jin komai,” in ji ta. “Kin ga Donya Casilda? Tun ɗazu kuke cin namanta tana yi muku murmushi.”

Gaskiya ce. Donya Casilda tsohuwar malamar makaranta ce, kowace Asabar tana nan, kuma da zarar an sauke mata tukunya sai duniya ta ɗauke mata. A gabanta ake ba da labarin surukinta, ita tana gyaɗa kai tana tsammanin yabon rigarta ake yi.

Abin da ya fi ci wa Nurys rai a duniya shi ne kan 'yarta. Yudelka ta girma a shagon nan, tun tana ƙarama ake miƙar mata da gashi, amma da ta mallaki hankalinta sai ta je wani wuri aka aske duk miƙaƙƙen, ta bar nata na haihuwa ya tashi tsaye, cunkus, tana yawo da shi a gari.

“Ɗiyar mai shago da kai kamar sheƙar tsuntsu,” in ji uwar. “Kina kore min mutane.”

“Mami, da shi kika haife ni. In akwai kuskure, ki tambayi kanki.”

“Zauna in gyara kuskurena mana.”

“Ki bar shi ya huta, ya sha wuya a hannunki.”

Shekaru suka yi a kan wannan. Ni dai bayan yarinyar nake bi, ba don komai ba sai don in ga Nurys ta tsuke baki.

Sai wata safiya, shago ba kowa, Yudelka ta shigo ta zauna a kujerar wankin kai ba wanda ya kira ta. Ta ce, “Madrina, shafa min man. Mami, ke kuma ki yi min rola da tubi, irin wanda ba ya motsi.” Madrina take ce min, wato uwar baftismarta.

Muka kalli juna ni da Nurys. A Nagua ba sai an yi wa mutum dogon bayani ba. Kowa ya san kwalekwalen katako da ke tashi daga gaɓar nan a ɓoye zuwa tsibirin Puerto Rico, kowa yana da wanda ya shiga. Mai jirgin ya gaya wa matan cewa duk wadda ta sauka da gashi a tsaye, ya sha gishiri, tun a bakin titi ake gane daga ruwa ta fito, 'yan sanda su kama ta. Sai mace ta riƙe busassun kaya a leda, kai kuma a naɗe, da ta taka ƙasa ta sauya riga ta zare fil, ta shiga gari kamar mai zuwa aiki. Akwai gwaggonta Eufemia a can, ƙanwar ubanta, ita za ta tarbe ta.

Na buɗe baki zan yi masifa. Nurys ta ce, “Komadre, haɗa man.”

Na haɗa. Ban taɓa jin haushin aikina ba sai ranar. Na shafa, na wanke, na ga gashin da yarinyar ta yi shekaru tana karewa ya kwanta a hannuna. Nurys ta raba shi layi-layi ta saka manyan rola, ta ɗaura raga, ta zaunar da ita a tukunyar tsakiya. Yarinyar na ciki tana kallon titi, uwar ta tsaya a gabanta ta faɗi duk abin da ke cikinta, cewa kada ta tafi, cewa ita kaɗai gare ta. Yudelka ta ga bakin uwar na motsi, ta nuna kunnenta tana dariya. Da aka ɗaga tukunyar ta ce, “Me kika ce, Mami?”

“Na ce kin cika motsi.”

Nurys ta cire rolar, ta ja gindin gashin da buroshi da diraya har hayaƙi na tashi, ta naɗe ta hagu, ta jera fil fiye da yadda take sa wa kowa. Ta rufe da raga, ta ɗaure da ɗankwalinta na kanta, ta ja kullin sosai.

“Ya yi tsauri, Mami.”

“Da iska za ki yi. Kada ki taɓa shi sai kin ga kwalta.”

Bayan tafiyarta ba mu ji komai ba. Wanda ya sauka lafiya yakan kira washegari, ko jibi. Waya ba ta yi ƙara ba, sai ta masu tambayar ko akwai layi. Sannan magana ta fara yawo a kantin unguwa, cewa wani jirgi ya kife kusa da gaɓar can, an tsamo wasu, wasu ba a gan su ba. Ba wanda ya san ko nasu ne, don ba jirgi ɗaya ya tashi a makon ba.

Nurys ba ta rufe shago ba. Tana zuwa, tana share ƙasa, tana saka rola. In na kawo mata shinkafa da wake ta ci, in ban kawo ba ba ta tambaya. Ni kaina ban ji komai ba a kwanakin nan, ba tsoro, ba baƙin ciki, kamar an yi min allurar cire haƙori a duk jikina. Matan da ke zuwa suka daina hira, sai ƙarar inji kawai.

Ranar Asabar da hantsi, shago cike, Nurys ta kai rabin kan Donya Casilda, waya ta yi ƙara. Ni na ɗauka. Da na ji muryar Eufemia sai na ja wayar na fita baya wurin tankin ruwa.

Ta ce an bar ta ta shiga inda aka ajiye waɗanda aka tsamo. Ta ce ruwa ya ɓata fuskoki, ita kuma rabonta da Yudelka tun tana rarrafe, hoton da aka aiko mata kuwa na mai gashi a tsaye ne. Akwai mata matasa fiye da ɗaya. Ba ta son ta ce ga ta alhali ba ita ba ce.

Na ce, “Akwai mai tubi?”

“Kusan dukansu. Amma duk sun warware, sai ɗaya. Ɗankwalin ya tafi, raga na nan.”

“Je ki duba min ta wane gefe aka naɗe.”

Na tsaya ina kallon tankin yana ɗiga har ta dawo ta faɗa min. Na tambaye ta fil ɗin, ta faɗa min.

Da na koma ciki Nurys ba ta juyo ba. Rola ɗaya a hannunta, mataji a bakinta, ta same ni ta madubi. Ta cire matajin.

“Ta wane gefe?”

“Ta hagu, komadre.”

“Fil ɗin fa?”

“A gicciye.”

Donya Casilda ta fara yunƙurin tashi, Nurys ta dafa mata kafaɗa ta ce, “Zauna, Donya, saura layi ɗaya.” Ta raba gashin, ta naɗe rolar, ta ɗauki ta gaba. Sai da ta saka ta ƙarshe ta ɗaura raga, sannan ta sake magana, ba tare da ta kalle ni ba.

“Bai warware ba?”

“Bai warware ba.”

Ta gyaɗa kai. Ta kai Donya Casilda tukunyar gefe ta sauke mata. Ta tsakiya ba kowa. Nurys ta zauna a ciki da ɗankwalinta, kanta a bushe, ta ja tukunyar ta rufe kanta, ta miƙa hannu ta murɗa makunnin har ƙarshe. Sai a lokacin matan suka fashe da kuka, ni ma na samu nawa ya zo. Ita tana zaune tana kallon titi. Da injin ya tsaya ta sake murɗawa, ba wanda ya hana ta.

Har yau shagon na nan, ita ke buɗe shi. Rolarta ba ta canja ba, jan buroshinta ma haka, mata na zuwa daga garuruwan gefe don hannunta. Amma da ta kashe diraya aka zo naɗi, sai ta turo min gwangwanin fil ta je wankin mataji. Nawa ta dama yake zagayawa, kuma sau da yawa kafin Lahadi ya warware. Ba wadda ta taɓa dawowa ta yi ƙorafi.