Likitan Tsumma Ya Ajiye Basilla

Shekara talatin da ɗaya Baba yana shiga ɗakin karatu ta ƙofar baya. Ƙarfe bakwai da rabi yakan jingine kekensa, ya buɗe ɗan ɗakin nan mai taga ɗaya da ke maƙale da sito, ya jawo kwandon littattafan da suka dawo daga aro a jigace. Kayan aikinsa ba su da yawa: basilla, zare, almakashi, kwalbar gam, da wani tsohon dutsen guga da yake danne littafi da shi har gam ya kama. Sai shuɗin ƙyalle, ragowar yadin da matarsa take ɗinka wa 'yan makaranta riguna, wanda yake manna wa kowane littafi a gadon baya idan ya gama gyara shi. Abokan aiki suka laƙaba masa Likitan Tsumma don tsiya. Ya amsa, sunan kuwa ya bi shi.

Abin da masu tsiyar ba su sani ba shi ne, mutumin nan ba ya ɗinka littafin ilimi sai ya karanta shi. Na kiwo ne, na lafiya ne, na gyaran inji ne ko na tarihi, sai ya gyara zaman tabarau ya bi shi shafi-shafi. In ya tarar da abin da zamani ya wuce, ya yanko 'yar takarda ya rubuta da fensir, "An daina ba da wannan magani, duba sabon bugu," ya liƙa a wurin. In kuwa ya ga littafin surutu ne zalla, sai ya ɗinke shi kawai ya mayar, ba ya ɓata ƙyallensa a kai.

Ba wanda ya yi shela, amma masu karatu suka gano. Littafi ba ya yagewa sai hannu ya yi yawa a kansa, ba ya samun shuɗi sai Baba ya yarda da shi. Wani makanike da ya shekara goma yana zuwa aro ya taɓa faɗa a gaban jama'a, "Ni ban san marubuci ba, ban san wane ne farfesa ba. Kanta nake bi da ido, in na ga shuɗi in zare. Bai taɓa ba ni kunya ba." Wata mai kiwon kaji kuma, da ciwo ya shiga mata garke, ta tarar da littattafai biyu kan kaji, ɗaya sai sheƙi yake, ɗaya duk faci. Ta ɗauki mai facin. A shafin da take nema ta tarar da rubutun fensir yana cewa a raba masu ciwo da masu lafiya kafin komai. Kajinta ɗari biyu, sha ɗaya kawai ta rasa. Har yau ba ta san fuskar wanda ya yi rubutun ba.

Baba, kai ne ka zaɓar wa mutanen da ba su da lokacin zaɓe. Kai ne ka karanta na banza domin kada su karanta. Idonka ya tafi a kan haka, ba a taɓa rubuta sunanka ko a bangon littafi ɗaya ba.

Saura wata uku ya yi ritaya aka kawo sabon shugaba, matashi mai son tsabta, ga takardun shaida kamar su karya bango. Ya zaga kantoci sau ɗaya, hannu a aljihu, ya sa aka kira Baba ofis.

"Baba, manyan baƙi za su zo duba mu. Duk littafin da ke da faci a fitar da shi."

"Ranka ya daɗe, ai su ne ake karantawa."

"Wa zai ɗauki littafi mai faci? Mutane da ido suke zaɓe."

"Da ido suke zaɓe, gaskiya ne. Facin suke nema. A duba katin aro a gani, in ƙarya nake yi a kore ni yau."

Shugaba ya yi 'yar dariya irin wadda ake yi wa tsoho. "Ba mu da lokacin duba kati. Tunda kai ka san su, kai za ka tsamo mana su."

Wannan ne ya fi ci mini rai a duk labarin. Da leburori aka sa, da sun yi kuskure sun bar wasu. Sai aka sa mutumin da ba zai tsallake ko ɗaya ba, aka kuma san ba ya ha'inci a aiki. 'Yarsa ta ce masa, "Baba, ka ce ba ka da lafiya mana. Ko ka ɓoye masu muhimmancin a sito." Ya ce shekara talatin da ɗaya bai ɓoye wa wurin nan ko allura ba, ba zai fara yanzu ba. Ya rubuta takardar roƙo, shafi biyu, ya jera littattafai arba'in da ba su da na biyu a ginin. Takardar ta shiga ofis, amsa ba ta fito ba.

Kwana tara yana tura amalanke tsakanin kantoci. Mai shara ta ce ta gan shi yana buɗe kowane littafi kafin ya jefa, kamar mai duba ɗa kafin a tafi da shi. Ɗari huɗu da wani abu suka kama. Mota ta zo ta kwashe, ba a gaya masa inda aka kai su ba, shi ma bai tambaya ba. Aka cike gurbinsu da sababbi da aka samu kyauta, masu kauri, masu launi, duk tsayinsu ɗaya. Baƙi suka zo, suka yaba, aka ɗauki hoto.

Ranar sallamarsa an yi jawabi na minti biyar, mai jawabin ya ce Baba ya yi fice wajen zuwa aiki a kan lokaci. Ana cikin haka makaniken nan ya shigo neman littafi kan famfon mai. Ya bi kanta daga farko har ƙarshe, ya dawo ya sake bi. Ya zaro ɗaya, ya juya shi, ya mayar. Ya tambayi ma'aikaciyar tebur wanne ne mai kyau, ta ce duk sababbi ne. Ya sa kai ya fita hannu rabbana. Baba yana kallonsa ta taga, da takardar yabo a cinya.

Yau wata shida ke nan. 'Yarsa ta kawo masa labarin cewa shugaba ya rubuta a rahotonsa, da alfahari, wai tun da aka yi gyara ba littafi ko ɗaya da ya yage, don haka an rufe ɗakin ɗinki. Baba ya ce, "Ko ɗaya?" Ta ce ko ɗaya. Ya cire tabarau ya ajiye, ya ce, "Ashe ba mai ɗauka."

Baba, mun gode. Godiyar ta zo a makare, kuma ba daga waɗanda ya kamata ba, amma ka karɓa. Allah ya ƙara maka lafiya, ya bar maka sauran ganin da ya rage. Ku kuma da aka damƙa wa kantoci, ku yi koyi da tsohon nan: kafin ku yanke wa littafi hukunci, ku buɗe shi. Mu masu karatu kuwa, yanzu ba mai karanta mana. Wanda ya samu littafin da ya amfane shi, ya gaya wa na kusa da shi, ya ba shi aro, ko da zai dawo a yage.