Ƙugiyar Haƙoran Yaya

A gida da wurin aiki Maƙeri suke ce masa don tsokana, alhali bai taɓa riƙe masaba ba. Haƙoran roba yake haɗawa a wani ɗaki a bayan asibitin haƙori, inda ba ka jin komai sai kukan injin goge ƙarfe da warin narkakken kaki. Idan mutum ya rasa wasu haƙora wasu suna nan, shi ke zuba siririn ƙarfen da ake dasa na robar a kai, da 'yan ƙugiyoyin da za su kama na asali. Ya yi furfura a sana'ar, ya cike giɓin mutanen da ko a hanya ba zai gane su ba. Amma bakin yayarsa, wadda ta goya shi bayan rasuwar uwarsu, ya gagare shi.

Na farkon da ya yi mata da ƙarfen da aka saba, ba a je ko'ina ba dasashinta ya kumbura ya yi jawur. Likita ya ce jininta bai haɗu da ƙarfen ba, sai dai taitaniyam. Tun daga nan Yaya ta daina cin abinci a gaban mutane. Matar da dariyarta ke tashin mai barci ta koma magana da hannu a baki, tana ramewa. Abin yana cin ransa ba kaɗan ba.

Taitaniyam kuwa ƙarfe ne mai tsirfar tsiya. Ba a narka shi a fili, don iska na taɓa shi ya lalace. Sai a kulle shi cikin inji, a zuƙe iskar ciki, wuta ta narka shi ya faɗa mazubi kafin ka ƙifta ido. In ya daskare da rami a ciki, ido ba ya gani, sai hoton eksire mai nuna cikin abu.

Ranar da yake fitar da siffar ƙarfen da kaki kafin zubi, yana zuwa gindin ƙugiyar hagu sai hannunsa ya tsaya. Na Yaya ne fa. Ya ƙara ɗigon kaki, ya sake ƙarawa, wai don ta yi ƙwari. Ya fi kowa sanin cewa a wuri mai kauri wannan ƙarfe yake ɓoye rami, amma so hana ganin laifi.

Zubi ya fito sumul. Injin hoto ya lalace a makon, shi kuma ya ƙagu, sai ya goge abinsa ya jera haƙora, ya aika wa Yaya ta zo. Ranar da ta zo aka gyara injin, aka ɗauki hoton ƙarfen. Tana zaune a baranda ta ci kwalliya lokacin da likita ya shigo da hoton ya ɗaga shi a hasken taga.

"Maƙeri, zo ka gani."

Ɗigo ne baƙi, bai kai ƙwayar yashi ba, daidai gindin ƙugiyar. Rami ne.

"Tana iya yin shekara," in ji likita. "Tana kuma iya karyewa gobe yayarka tana tauna, ta haɗiye ta. 'Yar'uwarka ce, kai za ka faɗa mata."

Ya fita da haƙoran a tafin hannu, ya yi ta kame-kame wajen gaya mata zancen ramin. Yaya ba ta bari ya ƙarasa ba.

"Kai, ƙanena, ba ni in gwada kawai. Ko gwaji ma haramun ne?"

Ta sa. Suka zauna daram. Ta ciro madubi a jaka, ta buɗe baki a hankali, sai ga dariya ta kubce mata, irin ta da, har mai shara ta waiwayo. Idanunsa suka kawo ruwa, amma ya miƙa hannu.

"Yaya, cire."

Ta tsuke baki, ta girgiza kai.

"Don girman Allah, Yaya."

"Ba na jin ciwon komai," ta ce ta tsakanin haƙora. "Zan lallaɓa su. Abu mai laushi zan riƙa ci. Na gaji da ɓuya, ka ji? Na gaji!"

Bai sauke hannun ba. Mutanen da ke layi suka zuba musu ido. Sai da aka jima ta juya wa jama'a baya, ta cire, ta dangwara masa a hannu ba tare da ta dube shi ba.

Ya san halinta, ya kuma san nasa. In ta sake roƙo zai ba ta. Ya zaro filaya daga aljihun rigar aiki, ya kama ƙugiyar, ya ɗan murɗa. Ko ƙarfi bai sa ba ta ɓalle ƙas, ta faɗi kan siminti.

Yaya ta daɗe tana kallon guntun ƙarfen. Sannan ta mayar da hannu bakinta.

"Yaushe zan dawo?"