Layin Da Na Goge Wa Batulu

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Talata, 14 ga Oktoba, 2025, Allah Ya karɓi ran Malama Batulu Abdulmajeed a nan Abuja, bayan gajeriyar jinya. An yi mata sutura bayan la'asar. Ni Zuhra, ƙawarta, sai yanzu na iya zama in rubuta wani abu a kanta.

Batulu, mutanen ofishinku sun san ki da zuwa aiki da wuri, amma kaɗan ne suka san aikinki na ranar Asabar. Akwai wata manhaja ta kyauta, wadda kowa a duniya yake iya sa hannu ya gyara, kanikawa na jona waya da mota da ita su ga abin da ke damun injin. Bayanin amfani da ita da Turanci yake, Turancin ma mai ƙashi. Ba wanda ya sa ki, kika ɗauki nauyin rubuta shi da Hausa. Kika jawo ni ciki, wai ni ce mai duba miki, ni da ko taya ban taɓa canzawa ba.

Ba kya yarda da layi sai kin gwada shi a kan mutum. Ki taso daga Gwarinpa har Apo, ki zauna kan bencin garejin Oga Leonard, gyalenki na shan baƙin mai, ki miƙa masa waya ya bi abin da kika rubuta, ke kuma ki kame bakinki. Duk inda ya tsaya yana sosa ƙeya, nan za ki gyara. Wata rana ana tsakiyar aiki allon wayar ya yi baƙi, ya zabura zai fizge kebul ɗin da ya haɗa wayar da motar, kika daka masa tsawa. A ranar kika ƙara layin da kanikawan Apo suka haddace: "Kada ka firgita. Allon zai yi baƙi na ɗan lokaci. Ka jira, zai dawo."

A shafin da muke aikin, gefen kowane layi akwai sunan wanda ya taɓa shi a ƙarshe. Turawan da suka ƙirƙiro shafin sun raɗa wa wurin suna mai nufin "laifin wa?" Kina dariya kina cewa ko aikin lada mutum ya yi sai an nemi mai laifi. Tun da kika rasu nake buɗe shafin nan ba gaira ba dalili. Sunanki ne daga sama har ƙasa. Ina karantawa ina jin muryarki, har inda kike jan numfashi. Akwai ranar da na fara rubuta miki tambaya a ƙasan wani layi, sai da na kai rabi na tuna.

Makon jiya aka sabunta manhajar. Yanzu allon ya daina yin baƙi. In kuwa ya yi, matsala ce, dole a cire kebul nan take, in ba haka ba kwamfutar motar tana iya lalacewa. Layinki ya koma tarko ke nan, kuma na sani. Amma in na taɓa shi, sunanki zai sauka, nawa ya hau. Sai in buɗe, in zuba masa ido, in rufe.

Ana haka Oga Leonard ya kira ni.

"Anti Zuhra, allo ya yi black tun ɗazu. Madam ya ce mu jira, muna jira. Motar customer ne fa."

Na ce, "Oga, cire kebul ɗin yanzu-yanzu."

Ya ce, "Amma Madam ya ce zai dawo."

"Wannan karon ba zai dawo ba."

Ban san abin da na faɗa ba sai da na ji shi da kunnena. Ya cire kebul ɗin. Ina jiyo ƙarar guduma daga garejin ta cikin waya. Allah Ya taimaka motar ba ta lalace ba.

A yammacin nan na goge layin, Batulu. Na rubuta: "Idan allon ya yi baƙi, kada ka jira." Ina kallo sunanki ya sauka. Na san da kina nan ke za ki fara gogewa, ki kuma yi mini tsiyar jan ƙafa. Duk da haka ya yi mini ciwo. Ji na yi kamar a ranar aka sake fita da ke daga gida, kuma yanzu in aka tambayi laifin wa, sunana ne a wurin.

Ina miƙa ta'aziyyata ga mijinki Malam Zaid, da 'yarki Sumayyah, da mahaifiyarki, da kanikawan Apo da har yau suke karanta ki suna gyaran mota. Allah Ya ba mu haƙurin rashinki. Allah Ya jiƙan ki, Ya yafe kurakuranki, Ya sa abin da kika rubuta ya zame miki sadaka mai gudana. Ya haskaka kabarinki, kada Ya bar ki cikin duhu ko na ɗan lokaci. Kin sha gaya wa bayin Allah kada su firgita. Allah Ya sa ke ma abin da aka fara gaya miki ke nan. Amin.