'Yan Bencin Baya a Ajin Jita

Ina da shekara hamsin da uku na sayi jita. Ban shawarci kowa ba, don na san abin da za a ce mini. Wata Asabar na shiga kasuwar Wuse sayen takalmi, sai na hango ta rataye a wani shago, ja da ita tana sheƙi. Nan take na tuna wani ɗan bautar ƙasa da ya koyar da mu lissafi a sakandare. Kullum da yamma yakan zauna a bakin ɗakinsa yana kaɗa irinta, mu kuma mu laɓe a bayan aji muna saurare. Lissafin da ya koya mini duk ya gudu, amma sautin nan bai bar kunnena ba. Haka na fito daga kasuwa da jita a kafaɗa, ba takalmi.

Da na iso gida Kurudu, maiɗakina ta tare ni a ƙofar falo. Ta dubi abin da na rataya, ta dubi ƙafata.

"Baban yara, ina takalmin?"

"Ban samu daidai ƙafata ba."

"Ita wannan daidai me ka same ta?"

Na ce daidai zuciyata. Ta yi dariya har da dafa ƙofa. Ta ce Allah ya ba da sa'a, amma in riƙa tunawa muna da maƙwabta.

Yaranmu biyu duk suna jami'a, gidan ya yi mana faɗi, saboda haka wurin koyo ba matsala ba ne. Malami ne babu. A waya na yi ta lalube har na ci karo da wani aji na mako goma sha biyu, wanda wani mutumin Jos yake koyarwa. Ranar Litinin yakan turo bidiyon darasi, ranar Asabar da ƙarfe goma na safe kuma a haɗu kai tsaye, kowa daga gidansa, fuskoki jere a allon waya kamar hotunan fasfo. Akwai kuma guruf da ake hira a ciki. Tallar ajin ta ce na waɗanda ba su taɓa riƙe jita ba ne. Na yarda, na yi rajista. Sai da aka fara na gane cewa a cikin mu kusan ashirin, waɗanda ba su taɓa riƙe ta ba da gaske ba mu fi uku ba. Sauran matasa ne masu yatsu kamar roba.

Makon farko lafiya lau. An koya mana yadda ake zama, yadda ake ɗora ta a cinya, da yadda ake ɗaure tsirkiyoyinta shida. A mako na biyu aka shiga abin da malamin ke kira kod, wato ka danne tsirkiya biyu ko uku lokaci guda da yatsun hagu, ka shafo duka da hannun dama, su ba da murya ɗaya mai daɗi. Idan shi ya yi, sai ka ji kamar an buɗe taga iska ta shigo. Idan ni na yi, sai ka ce ana jan tsohon gadon ƙarfe a kan siminti.

Na ɗauka rashin sabo ne. Na dage. Kullum in na dawo daga ma'aikata na yi la'asar, sai in zauna a baranda in yi ta fama har a kira magariba. Ranar Asabar kuwa ba na buɗe kyamara, ba na buɗe makirufo. Ina dai nan a ɓoye, ina gyaɗa kai ba wanda ke gani.

A mako na huɗu malamin ya gano ni. Yana cikin bin ɗalibai ɗaya bayan ɗaya sai ya juya harshe zuwa Hausa, irin tasu ta Jos.

"Baba na Abuja, yau dai sai mun gan ka. Buɗe kyamara ka kaɗa mana na farko."

Na buɗe, na gyara hula, na danne, na shafa. Wata yarinya a kusurwar allo ta rufe baki da hannu.

"Baba, ɗan matso da hannun kusa. Yauwa. Daga ina kake fara ƙirga tsirkiyar?"

"Daga sama mana. Ai komai daga sama ake ƙirga shi. Mu a ma'aikata daga babban sakatare muke farowa."

"To a jita daga masinja ake farawa, Baba. Siririyar nan ta ƙasa ita ce ta ɗaya."

Ajin ya kwashe da dariya, ni ma na taya su, don abin ya cancanta. Ashe makonni uku cur ina danne tsirkiyoyin da ba su ba, cikin natsuwa da bin ƙa'ida. Ya ce ya faɗi wannan tun a bidiyon farko. Da na koma na duba, ya faɗa kuwa, daidai wurin da na tashi na je amsa sallamar mai kawo ruwa na bar wayar tana magana ita kaɗai.

Daga ranar na koma farko, ajin kuma ya ci gaba da tafiyarsa. Yatsuna da suka saba da kuskure suka ƙi sakinsa. Kan yatsun ya yi ja, ya tsage, in na zo alwala sai na ciji leɓe. Na gode Allah da abin ya tsaya a hagu, bai taɓa hannun cin tuwo ba. A goslon Nyanya da safe, inda mota kan yi rabin awa ba ta motsa ba, sai in riƙa jera yatsu a kan sitiyari ina maimaita darasi. Wata rana na ɗaga hannun sama ina gwada buɗe yatsu uku, kafin in ankara wata mai tallar ayaba ta zuro mini nonon ayaba uku ta taga. Ban iya yi mata bayani ba. Na karɓa, muka sha ayaba a ofis har da baƙi.

Na gano ana iya rage gudun bidiyo, na mayar da shi rabi. Muryar malamin ta koma kamar ta wanda aka tasa daga barci, maiɗakina in ta ji daga kicin sai ta ce, "Har yanzu malamin naku bai warke ba?" Duk da haka yana riga ni. Matsalata ba riƙe kod ɗaya ba ce, wannan na fara iyawa. Tashi daga wannan zuwa wancan shi ne aiki. Sai na ɗaga yatsa ɗaya, na duba, na ajiye, na ɗauko na biyu, kamar mai kwashe ƙwai daga kwando. Ranar Asabar in an ce a kaɗa tare, kafin in sauka a kod na biyu su sun gama sun fara tafi. Ga netwok ɗin unguwarmu da ke da nasa ra'ayin. Sau da yawa allon kan daskare da malamin baki buɗe, in ya dawo sai in ji yana cewa, "To kun gani, shi ke nan sirrin."

A mako na takwas ajin ya kai ga wani riƙo da ake kwantar da yatsa ɗaya a kan tsirkiya shida gaba ɗaya. Ni ina darasi na uku. A makon ne kuma malamin ya sanar cewa ranar rufe aji kowa zai turo bidiyonsa yana kaɗa wata 'yar waƙa da shi ya tsara, mai kod huɗu. Wanda ya so ya yi shi kaɗai, waɗanda suka so su haɗu biyu. Na ajiye jitar a bayan kujera. Na rubuta a guruf cewa na gode ƙwarai, amma jirgin ya fi ƙarfin gudun ƙafata, zan sauka a nan. Matasan suka yi ta turo hotunan fuska mai hawaye.

Ba a yi minti goma ba wata baƙuwar lamba ta kira ni. Muryar dattijuwa ce, da Hausar Yarbawan da suka daɗe a Arewa.

"Oga, kai ne Baba na Abuja? Ina za ka tafi ka bar ni? Ni ne wanda kyamara na yana kallon fanka kullum."

Na gane ta nan da nan. A jerin fuskokin nan akwai wani murabba'i da ba a taɓa ganin komai a cikinsa ba sai fankar silin tana juyawa. Ta ce ita nas ce mai ritaya, ta yi aiki shekaru a Zariya kafin su dawo Abuja. Jitar ta maigidanta ce, Allah ya yi masa rasuwa, ta gaji da goge mata ƙura ta ce bari ta ji ko za ta yi mata magana. Ita ma tana darasi na uku.

"Ina kake zaune?"

"Kurudu, Mama."

"Kurudu! Ni ina Jikwoyi. Ka ga mu biyu muna shan wahala a hanya ɗaya ba mu sani ba. Asabar da yamma ka zo da jita, ka zo da madam."

Muka je. Gida ne ƙarami mai bishiyar gwaiba a tsakar gida. Mama doguwa ce, da tabarau rataye a wuya, tana magana kamar har yanzu tana ba da umarni a ɗakin haihuwa. Ta sa mana kujeru a inuwa, ta ajiye wa maiɗakina faranti cike da cincin, mu kuma muka zauna fuska da fuska kamar masu shirin dambe. Muka gwada waƙar. Na fara da kyau, na bi ta kod na farko da na biyu, a na uku na faɗi. Mama kuwa na farkon nan biyu su ne abokan gabanta, yatsunta ba sa buɗuwa su kai, amma na uku da na huɗu tana kama su tsaf. Muka yi ta yi, kowa na faɗuwa a raminsa, muna dariya har tana share hawaye da bakin zani.

Maiɗakina malamar firamare ce, ta shekara ashirin da wani abu tana fama da 'yan aji ɗaya. Tana zaune tana cin cincin tana kallonmu, can ta karkaɗe hannu.

"Ni kam in tambaya. Malamin ya ce dole kowa ya kaɗa duka huɗun?"

Muka dubi juna. Na ce abin da ya ce shi ne a ji kod huɗu.

"To ai ga su nan a wurinku. Baban yara ya riƙe biyun farko, Mama ta riƙe biyun ƙarshe. In ya gama nasa ya yi shiru ki karɓa. Kafin ki gama ya shirya yatsunsa."

Mama ta cire tabarau ta dube ta. "Madam, wannan ba magudin jarrabawa ba ne?"

"Aikin rukuni ne, Mama. Kullum muna sa yara."

Ta ɗauki cokali ta riƙa buga gefen faranti don mu daidaita, ɗaya, biyu, uku, huɗu. Na kaɗa nawa, na tsaya. Mama ta karɓa. Ta gama, na karɓa. Muka zagayo sau uku ba wanda ya faɗi. Karon farko ke nan da na ji waƙa ta fito daga abin da ke kan cinyata, ko da rabinta ne nawa. Mama ta shafa wuyan jitar mijinta, sannan ta ce wa jitar cikin sanyin murya, "Ashe kana magana."

Asabar uku muka yi muna zuwa Jikwoyi. Ranar ɗaukar bidiyo muka jingina waya da tukunyar fure. Ɗauka ta farko zakaran maƙwabta ya shiga. Ta biyu wani ya tayar da janareta. Ta uku gwaiba ta faɗo a kan faranti. Ta huɗu ni na manta na karɓa, ina can ina sauraron Mama ina jin daɗi. Ta biyar ce ta yi, ita muka tura.

Ranar rufe aji muka taru a falonmu mu uku a gaban waya ɗaya. Matasan suka yi abubuwan mamaki, wani har da kaɗawa ido rufe. Da aka zo kanmu malamin ya saki bidiyon. Ya fara gyaɗa kai yana murmushi, can sai ya tsaya, ya matso da fuskarsa kusa da allo, ya mayar da bidiyon baya.

"Ku tsaya. Baba, me ya sa hannunka yake hutawa in Mama tana kaɗawa?"

"Ladabi ne, Malam. Babba na magana ba a sa baki."

Ya kifa kai a tebur yana dariya, ajin duka ya ɗauka. Da ya samu numfashi ya ce tun da ya fara koyarwa bai taɓa ganin an raba waƙa kamar naman layya ba. Ya ce kiɗan ya yi daɗi, lokacinmu daidai yake, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma takardar kammalawa guda ɗaya zai ba mu, mu san yadda za mu raba ta.

Mama ta matso da bakinta kusa da wayar. "Ka turo. Ina da almakashi."

Bayan an tashi maiɗakina ta kawo shinkafa da miyar kaza. Muna ci Mama ta ce ta ji malamin zai buɗe sabon aji bayan wata ɗaya, kuma ta riga ta ba da sunanmu mu biyu, daga darasin farko. Wannan karon, in ji ta, za mu yi musanya: ni in koyi biyun ƙarshe, ita ta koyi biyun farko. Na ce ai da ta tambaye ni tukuna. Ta ce in miƙo mata cinyar kazar nan, tunda ta ga ba ci nake yi ba, surutu nake yi.