Sanduƙin Wasiƙa da Mijin Ƙanwata

Shekara tara ina gyaran kwamfuta a wani ofis a unguwar Bagdadiyya da ke Jidda, amma Baba bai taɓa tambayata yadda take aiki ba. Shi yadi yake sayarwa a kasuwar Bab Makka. Da aka sa masa kwamfuta a shago ne ya fara tambaya.

Wata Juma'a muna cin shinkafa a gidansa, ni da mijin ƙanwata, mutumin Damagaram, wanda bai cika shekara biyu a Jidda ba. Shi ma aikinmu ɗaya. Baba ya ce, "An ce ƙwaƙwalwar kwamfutar tawa ƙarama ce. To yaya take buɗe abubuwa goma ba su cakuɗe ba?"

Na gyara zama, na fara bayani, rabi Larabci rabi Turanci. Ban yi nisa ba na ga idon Baba ya koma kan tire.

Sai mijin ƙanwata ya ce, "Baba, sau nawa kuka sauya gida?"

"Sau huɗu."

"Lambar sanduƙinku na gidan waya fa?"

"Tana nan yadda take."

"To haka ne. Kowane shiri da kuka buɗe a kwamfutar, lambobi kawai ake ba shi, bai san inda kayansa suke ba. Uwar tsarin, wato babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfutar, ita ke yanka ƙwaƙwalwar shafi-shafi, ta rubuta a jadawali cewa lamba kaza tana shafi kaza. In wuri ya ƙare ta kwashe wani shafin ta ajiye a faifai, mai shi bai ma sani ba."

Baba ya yi dariya har da tafi. "Ashe abin ba wuya!" Ya tura masa cinyar kaza.

Na ce, "Ba daidai ba ne. Ita jadawalin kawai take rubutawa, injin ne ke dubawa."

"Gaskiyarka, Yaya," in ji mijin ƙanwata, ko a jikinsa. Wannan ya fi komai ƙona mini rai.

Baba ya ce, "Halas, ya isa haka, ci abinci."

Wata guda na yi ina kauce wa gidan ƙanwata. Kwamfutar Baba kuwa in ta lalace ni yake kira in gyara, amma in yana son sanin dalili sai ya jira Juma'a ya tambayi surukinsa. Ranar nan ina durƙushe bayan kantar shagon da sukurdireba a hannu, na ji yana gaya wa wani mai sayen shadda cewa surukinsa masanin kwamfuta ne. Mutumin ya leƙo ya ce, "Wannan ne?"

"A'a, wannan ɗana ne," in ji Baba, ya ci gaba da auna yadi.